Shin Turawa ne suka kashe bishiyar ilimin Indiya?

Na Damagaram: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani saƙo aka turo min daren jiya da ya hana ni sukuni. An ce jawabi ne da wani Bature mai suna Macaulay ya yi a majalisar dokokin Birtaniya ranar 2 ga Fabrairu 1835. Wai ya ce ya zagaye Indiya lungu da saƙo bai ga mabaraci ko ɓarawo ko ɗaya ba, kuma ba za a iya mallakar ƙasar ba sai an karya ƙashin bayanta, wato a rushe tsohon iliminta a kafa na Turawa. Sai na tuna da maganar Gandhi a Landan cikin 1931, inda ya ce Indiya ta zamaninsa ta fi jahilci a kan yadda take shekara hamsin ko ɗari baya, domin Turawa sun tone saiwar bishiyar ilimin sun duba, suka bar ta a buɗe, kyakkyawar bishiyar ta mutu. Ni dai matsayina shi ne Indiyawa suna da iliminsu cikakke, kowane ƙauye da makarantarsa, Turawa suka zo suka kashe shi da gangan. Wanda ke da ja, ga fili ga mai doki.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ka haɗa a ƙwarya ɗaya, bari mu raba su tukuna. Maganar Gandhi gaskiya ce, ya faɗe ta ranar 20 ga Oktoba 1931 a Chatham House, lokacin da ya je taron tattauna makomar Indiya. Amma wancan jawabi na majalisa ƙirƙirarsa aka yi. A ranar da aka ambata Macaulay ba ya ma Ingila, yana Kalkata, ya isa Indiya a 1834 bai koma gida ba sai 1838. Ni da idona na ga wannan saƙon yana yawo an cire Indiya an sa Afirka a gurbinta, sauran kalmomin ba a taɓa ba.

Abin da ya rubuta da gaske a wannan rana takardar shawara ce ga majalisar Gwamna Janar Bentinck, kuma ba ta buƙatar a ƙara mata gishiri. A ciki ya ce kanta guda ta littattafai a ɗakin karatu mai kyau na Turai ta fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka rubuta, alhali shi da bakinsa ya amsa cewa bai san Larabci ba, bai san Sanskirit, tsohon harshen addini da adabin Hindu, ba. Ya ce a ƙirƙiro wani rukunin mutane, Indiyawa a jini da launi, Turawa a ɗabi'a da tunani, su zama tafinta tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Bentinck ya sa hannu ranar 7 ga Maris. Daga nan kuɗin ilimi, wanda dokar 1813 ta yanka rufi 100,000 a shekara, ya karkata ga karatun Ingilishi. Ka ga mutumin bai yabi Indiya ba balle ya ji tsoronta, raina ta ya yi. Saƙon naka ya mayar da rainin ya zama yabo.

Tsohon Hedimasta: Madalla da wannan gyara. Ni kuma da ta Gandhin nake ja. Ba a tashi daga taron Chatham House ɗin ba sai da Philip Hartog, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Dhaka, ya nemi ya kawo hujja. Gandhi ya nuna masa wasu rubuce-rubuce a kan Punjab da suka dogara da binciken wani Bature masani mai suna Leitner, Hartog ya duba ya ce ba su tabbatar da komai a kan yawan masu iya karatu ba. Aka yi ta musayar wasiƙu har 1939, kuma a ƙarshe Gandhi ya amsa cewa ba shi da tabbatacciyar hujja a hannu, zuciyarsa ce kawai ta ƙi sakin maganar. Ina girmama mutumin. Amma na yi shekara talatin da ɗoriya ina cika rajistar aji, na san tazarar da ke tsakanin "muna da ɗalibai da yawa" da abin da za ka samu in ka kira suna ɗaya bayan ɗaya.

Alaramma: Kafin ku nutse cikin lissafi, Malam, ka siffanta mana makarantun nan. Wace iri ce? Me yaro yake yi daga safe zuwa yamma?

Malamin Tarihi: Allah ya gafarta Malam, sai ka ce ka san inda daɗin yake. Muna da bayanin ido da ido daga Campbell, mai tara harajin gundumar Bellary, kwatankwacin Di'o a nan, wanda ya rubuta rahoto a 1823, da kuma William Adam wanda ya yi rahoto uku a kan Bengal da Bihar tsakanin 1835 da 1838. Makarantar ƙauye a Bengal ana ce mata pathshala. Galibi ba ta da gini nata, a shirayin gidan wani mai hali ake yi, ko harabar wurin bauta, ko gindin bishiya. Malami ɗaya ne, iyaye ke biyansa da 'yan kuɗi da shinkafa da kayan miya. Yaro yana farawa da zana baƙaƙe a ƙasa. A kudu da yatsa yake yi a kan rairayi, ya shafe ya sake. In hannunsa ya faɗa sai a ba shi ganyen wata giginya 'yar'uwar tamu, a kudu a karce shi da tsinken ƙarfe, a Bengal a rubuta da alƙalamin kara da tawadar zuge. A Bengal daga nan sai ganyen ayaba, takarda ce matakin ƙarshe. Abin da ake koya shi ne rubutun wasiƙa, lissafin kasuwa, awon gona, takardar bashi, da jadawalin ninkawa da ake rerawa baki ɗaya kafin a tashi. Manyan ɗalibai su ke biya wa ƙanana.

Wannan na ƙarshen har Ingila ya je. Wani limamin coci, Andrew Bell, da ke kula da gidan marayu a Madras, ya ga yara na rubutu a rairayi, ya sa babban yaro ya riƙa koyar da ƙanana, ya buga bayanin tsarin a 1797. Makarantun talakawan Ingila suka ɗauka, sunan Madras ma suka laƙaba masa.

Alaramma: Allahu akbar. Ai wannan gidanmu ka siffanta. Gardi ya biya wa ƙolo, tawadar zuge, alƙalamin gamba, karatu da murya ɗaya a gindin bishiya. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san ba a raina shi. Ni na yarda da Gandhi tun kafin a kawo lissafi, domin na san yadda mai takalmi yake shigowa tsangaya ya duba hagu da dama, bai ga benci ba, bai ga ƙararrawa ba, ya fita ya rubuta cewa babu makaranta a nan.

Tsohon Hedimasta: Allah ya gafarta Malam, Turawan nan ba su ce babu ba, ƙirgawa suka yi, kuma ƙidayarsu ce kaɗai abin da masu goyon bayan Gandhi suke riƙe da shi. Dharampal, wani marubuci ɗan Indiya wanda ya fitar da littafi a 1983 ya sa masa suna da kalmar nan ta Gandhi ta kyakkyawar bishiya, daga ma'ajiyar takardun Turawan ya kwaso hujjojinsa. To ga abin da ke ciki. Gwamnan Madras, Thomas Munro, ya ba da umarnin ƙidaya a 1822, sakamako ya fito a 1826: makarantu 12,498, ɗalibai 188,650, cikin jama'a 12,850,941. Ku raba da kanku. Ɗalibi ɗaya ke nan cikin mutum 68, kowace makaranta kuma yara goma sha biyar. A Bellary ta Campbell, makarantu 533 ne da ɗalibai 6,641 a gundumar da ta doshi mutum miliyan ɗaya. Ina cikakken ilimin da Na Damagaram yake faɗa?

Malamin Tarihi: Baba, alƙalumanka daidai ne, amma ka raba da jarirai da tsofaffi. Munro da kansa ya ware yara maza 'yan shekara biyar zuwa goma, ya samu ɗaya cikin huɗu yana makaranta, ya ce in an haɗa da masu karatu a gida zai kusa ɗaya cikin uku. Ya kuma ce ko da yake abin bai kai na Ingila ba, ya fi yadda yawancin ƙasashen Turai suke ba da daɗewa ba. Gwamnan mulkin mallaka ne ke faɗar haka, ba ɗan kishin ƙasa ba. A tuna kuma gwamnatin Ingila ba ta fara ba makarantun ƙasarta ko sisi ba sai 1833, da fam 20,000.

Batun karatun gida shi ne gaɓar da aka fi ja a kanta. Adam ya ambaci ƙiyasin makarantu 100,000 a Bengal da Bihar a rahotonsa na farko, Hartog ya kira wannan tatsuniya. Da Adam ya sauka yankin Nattore ya bi ƙauye-ƙauye, ƙauyuka 485 ya samu da makarantun farko 27 kacal. Kamar Hartog ya yi nasara ke nan. Sai dai a wannan yankin dai ya ƙirga gidaje fiye da 1,500 da ake koyar da yara a cikinsu, yaran sun haura 2,000, wato sun ninka na makarantun sau da yawa. In uba ya zaunar da ɗansa da ɗan maƙwabci a zaure yana koya musu lissafi, makaranta ce ko ba makaranta ba? Amsar da ka bayar ita za ta nuna maka ɓangaren da za ka faɗa.

Na Damagaram: To ai kun dawo kan maganata. Ga kuma Nalanda, jami'ar da ɗalibai suke zuwa tun daga Sin.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, bar Nalanda ta huta. An kafa ta a ƙarni na 5, Xuanzang, mutumin Sin, ya yi karatu a can a ƙarni na 7, ta durƙushe wajen shekarar 1200. Shekara ɗari shida ke tsakaninta da Macaulay. Ba Bature ne ya kashe ta ba, kuma ba ta gaya mana komai a kan ɗan manomin 1820.

Ɗalibar Kerala: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karantawa, na ga ana ta ƙirga yara maza, shi ya sa na kasa yin shiru. Baba Hedimasta, cikin 188,650 ɗin nan da ka kawo, mata 4,540 ne. A Bellary 'yan matan Hindu 60 aka samu a gunduma guda. Adam ya rubuta cewa a Bengal akwai camfin da ke cewa yarinyar da ta koyi karatu mijinta zai mutu da wuri. To in bishiya ce, rabin gidan ba su taɓa zama a inuwarta ba.

Ba wai ina raina tsohon tsarin ba ne. Shekarata ta uku ke nan ina karatun jinya a nan jihar Kerala ta kudancin Indiya, kuma bara wata abokiyar karatuna ta gayyace ni bikin fara karatun ɗan yayarta, abin da suke kira Vidyarambham. An zuba shinkafa a faranti, kakan yaron ya ɗora shi a cinya, ya kama ɗan yatsansa yana zana baƙaƙen farko a cikin shinkafar, yaron yana kuka yana leƙen uwarsa. Sai da na ji ƙwalla, don na tuna ranar da aka rubuta min allona na farko. Mutanen da ke yi wa harafi irin wannan biki ba baƙin ilimi ba ne.

Amma a wannan jihar dai aka nuna min tarihin Ayyankali. Wajen 1910 ya kama hannun wata yarinya mai suna Panchami, 'yar ƙabilar Pulaya da ake ɗauka ƙazanta ne a taɓa su, ya kai ta makaranta a Ooruttambalam. Masu gari suka gwammace su cinna wa makarantar wuta da ta zauna a aji ɗaya da 'ya'yansu. Ba Turawa suka yi ba, kuma a masarautar Travancore ne, mai sarkinta na gado. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya ba da labarin yadda yake zuwa makaranta da buhunsa daga gida don ya zauna a kai can gefe, kuma ba shi da ikon taɓa randar ruwa. Sai masinjan makaranta ya tsiyaya masa daga sama, ranar da masinja bai zo ba haka zai wuni da ƙishi. Yaya Na Damagaram, je ka ce wa jikokin waɗannan mutane da can ilimi cikakke ne, ka ji amsar da za su ba ka.

Malamin Tarihi: Ƙanwata, kin taɓo inda Dharampal ya fi ƙarfi kuma ya fi rauni. Ya nuna cewa a gundumomin masu jin Tamil, kashi 70 zuwa 84 cikin ɗari na ɗaliban ba Brahmin ba ne, wato ba 'yan ɗabaƙar sama ta malaman addinin Hindu ba, an rubuta su a layin Shudra, ɗabaƙar ma'aikata, da sauran ɗabaƙoƙi. Wannan ya rushe zancen cewa 'ya'yan malaman addini kaɗai ke karatu, kuma gaskiya ce mai nauyi. Adam ma ya tarar da 'ya'yan Dom da Chandal, na can ƙasan tsani, a wasu makarantun Burdwan. Raunin shi ne kalmar Shudra a kudu buhu ce mai faɗi. Vellalar, manyan masu gonaki, a ciki suke. Don haka adadin bai nuna cewa ɗan wanda ke yi musu noma ya shiga ba. Karatu mai zurfi kuwa, na Sanskirit da nahawu da shari'a da falsafa, kusan duka a hannun Brahmin yake.

Ɗalibar Kerala: Haka ne Malam. Shi ya sa Jotirao Phule, wanda ya yi karatu a makarantar mishan, bai yi kukan tsohuwar bishiya ba. Shi da matarsa Savitribai suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848, ana jifanta da kashin shanu a hanya har ta riƙa tafiya da zane na biyu don ta canza in ta isa. Amma kada Baba Hedimasta ya ɗauka na koma bayansa. Phule ɗin nan ne ya rubuta wa kwamitin Hunter mai binciken harkar ilimi a 1882 cewa gwamnati na karɓar haraji daga gumin manoma tana kashewa a kan karatun 'ya'yan manya, ya nemi a tilasta karatun firamare har shekara goma sha biyu. Ba a yi ba. A 1856 ma wani yaro ɗan Mahar, su ma waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya nemi shiga makarantar gwamnati a Dharwar aka hana shi, don kada sauran iyaye su janye 'ya'yansu.

Alaramma: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da ban sani ba, kuma zalunci zalunci ne ko wa ya yi shi. Amma ku bar ni in yi magana a kan ɓangaren da na ɗan sani, na Musulmi. Indiya ba ƙaramar ƙasar ilimi ba ce a wurinmu. Manhajar Darsi Nizami da Mulla Nizamuddin ya tsara a Farangi Mahal ta Lucknow har yau ana karantar da ita. Shah Waliyullahi na Delhi, wanda ya rasu a 1762, malamin hadisi ne da duniya ta sani. Murtala Zabidi mai Tajul Arus a Bilgram ta Indiya aka haife shi, ya zauna a Alƙahira, kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya karɓi ijaza a hannunsa. Ka ga silsilarmu ma ta ratsa can. Irin waɗannan makarantu da me suke rayuwa? Da gonakin da sarakuna suka ba malamai suka yafe musu haraji, irin abin da muke kira hurumi, Barebari su ce mahram. Malam, gaya musu abin da aka yi wa gonakin nan.

Malamin Tarihi: An bi su da bincike, Allah ya gafarta Malam. Daga 1828 Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin ƙasar a lokacin, ya tsananta a Bengal: duk mai gonar da ba a biyan haraji a kanta ya kawo takardar shaida, in babu a ɗora mata haraji ko a karɓe. Kyautar da aka yi wa kakan kakanka, takardar wataƙila gara ta cinye ta tuntuni. A yankin Bombay aka kafa kwamiti na irin wannan aiki a 1852. William Hunter, ma'aikacin gwamnatin ne, ya rubuta a 1871 cewa wannan ƙwace ya yi wa tsarin ilimin Musulmin Bengal dukan mutuwa. Sai kuma 1837, aka cire Farisanci daga kotuna da ofisoshi. Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba, domin a makarantun Farisancin da Adam ya ƙirga ɗaliban Hindu sun fi Musulmi yawa, harshen neman aiki ne. A 1844 aka sanar cewa mai Ingilishi za a fifita a aikin gwamnati. Mutum ya kwana malami ya tashi ba shi da kasuwa.

Campbell ma tun 1823 ya faɗi dalilin da ya sa makarantun Bellary ke raguwa: ƙasar ce ke talaucewa. Ya ambaci yadin Ingila da ya kashe kasuwar masaƙa, da dukiyar da a da sarakunan gida ke kashewa a cikin ƙasa yanzu ana fita da ita, da tallafin malamai da ya yanke. Iyayen da a da suke biyan malami, yanzu aikin yaron suke buƙata.

Alaramma: To Hedimasta, ka ji. Ba sai ka sa gatari ba. Ka janye ruwa, ka toshe hanyar abinci, ka ce wanda ya sha inuwarta ba zai samu aiki ba. Me ya rage?

Tsohon Hedimasta: Na ji, kuma ban musa ƙwacen gonaki ba. Abin da nake musu shi ne "da gangan" da kuma "dole". Hindu College ta Kalkata a 1817 aka buɗe ta, da kuɗin attajiran Bengal, shekara goma sha takwas kafin takardar Macaulay. A 1823 Ram Mohan Roy, wanda ya san Sanskirit da Farisanci da Larabci, ya rubuta wa Gwamna Janar Amherst yana roƙon kada a kashe kuɗi a sabuwar kwalejin Sanskirit, a koyar da lissafi da kimiyyar sinadarai da ilimin sassan jiki. Turawan farko ma su suka gina Madrasar Kalkata zamanin Warren Hastings da Kwalejin Sanskirit ta Banaras a 1791. Campbell ɗin da kuke kafa hujja da shi ya koka cewa yara na haddace baitoci a harshen adabi da ba su fahimta. Kuma bayan an sha wuya Musulmin ba su kwanta ba: Deoband a 1866, Aligarh ta Sayyid Ahmad Khan a 1875, kowa da hanyarsa. Mutane ne masu zaɓi, ba gawa aka yi ta juyawa ba.

Malamin Tarihi: Baba, zan ba ka "da gangan" a kan makarantun ƙauye, domin ban ga takardar da ta ce a rushe su ba. Adam ma shawara ya bayar a gina a kansu, a ba malamansu littattafai da lada, aka ajiye shawararsa. Amma a nan ne nake ganin laifin ya fi girma, ba ƙanƙanta ba. An zaɓi a ilimantar da 'yan sama da fatan ilimin zai tsiyayo ƙasa. Takardar manufar ilimi ta Charles Wood ta 1854 ta yi alkawarin karatun jama'a da harsunan gida, abin da ya fara fitowa shi ne jami'o'i uku a 1857, Kalkata da Bombay da Madras. Makarantar ƙauyen da ke son tallafi kuma sai ta karɓi sufeto da rajista da jadawali da jarrabawa da kuɗin makaranta tsayayye. Tsohon malami yakan sassauta lokacin girbi don yara su je gona. Sabon tsari bai san girbi ba, ɗan talaka ya yi fashi a ce ya gaza.

Ga inda nake so a tsaya a duba. Japan ta kafa dokar karatun kowa a 1872. Ingila ta tilasta shi a 1880. Sarkin Baroda, Sayajirao, ɗan ƙasa, ya tilasta shi a masarautarsa a 1906, shi ne ma ya biya wa Ambedkar karatu a Amurka. Da ɗan siyasar Indiya Gokhale ya kawo ƙudurin dokar a fara tilasta firamare sannu a hankali a yankin da Turawa ke mulka kai tsaye, majalisar da jami'an gwamnati suka fi rinjaye a cikinta ta kayar da shi a 1912. Ƙidayar 1901 ta samu kusan kashi 5 cikin ɗari ne ke iya karatu da rubutu. A 1951, shekara huɗu bayan tafiyarsu, kusan kashi 18. A Kerala, inda masarautun Travancore da Cochin da 'yan mishan da ƙungiyoyin talakawa suka yi ta gina makarantu, kusan kashi 47. Shekara 190 daga yaƙin Plassey na 1757, mafarin mulkin Turawa, zuwa 'yanci, abin da aka bari ke nan.

Na Damagaram: Na goge saƙon Macaulay, na kuma gaya wa wanda ya turo min. "Cikakke" ma na janye, saboda maganar ƙanwata. Amma "kashewa" ina nan a kai. Kuma Lugard ɗinmu ba a Madras aka haife shi ba? Ba can ya fara aikin soja ba?

Malamin Tarihi: A can aka haife shi, 1858, kuma ya yi soja a Indiya. Amma kada mu ɗauko tarihin wata ƙasa mu kifa a kan tamu kamar akushi. Namu zama ne na daban, da nasa takardun.

Tsohon Hedimasta: Ni kuma ina nan a kan cewa Gandhi bai tabbatar da maganarsa ba. Babu ƙidayar masu iya karatu ta ƙasa baki ɗaya a 1830 da za a gwada da ta 1931. Zuwa makaranta daban, fita da karatu daban. Na sha ganin yaron da ya yi shekara uku a aji ya fita bai iya rubuta sunansa ba, kuma abin yana ci min rai har yau. A ƙidayar 1911 ma'aunin da aka sa shi ne mutum ya iya rubuta wasiƙa ga aboki ya kuma karanta amsarta. Da wannan ma'auni nake so a nuna min cewa 1830 ta fi.

Ɗalibar Kerala: Baba, akwai wani adadi a ƙidayar Munro da ya tsaya min a rai. A gundumar Malabar, arewacin inda nake zaune yanzu, an samu 'yan mata Musulmi 1,122 a makaranta, maza Musulmi 3,196. Mace ɗaya ke nan a kan kowane namiji uku, a lokacin da Bellary ke da sittin. Mutanen nan suna da rubutunsu na Malayalam da baƙaƙen Larabci, kamar ajaminmu, na ga tsofaffin littattafan waƙoƙinsu a gidan wata ƙawata. Kakarta da shi take karatu har yanzu.

Alaramma: To Hedimasta, ga tambayata, kuma ba don in ƙure ka ba. Wannan tsohuwa, in mai ƙidaya ya zo ƙofarta da takardarsa, a wane layi zai sa ta? Mahaifina ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau huɗu, yana rubuta wa fatake wasiƙa da ajami su kai Kumasi a karanta a aiko da amsa. Da aka zo wata ƙidaya ina yaro, ina tsaye a zaure, malamin ƙidayar ya tambaye shi ko ya yi makaranta, ya ce ta allo, na ga inda ya sa alƙalaminsa. Ma'aunin wasiƙar nan taka mahaifina ya cika shi, amma ba a tambaye shi wasiƙa ba.

Tsohon Hedimasta: Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. An zalunce shi a wannan layi, ban da ja. A Indiya dai ƙa'idar ta ce kowane harshe mutum ya iya a ƙirga shi. Ko masu ƙidayar sun bi ƙa'idar a kowace ƙofa, wannan sai Malamin Tarihi ya binciko mana rahoton Malabar na 1911 mu gani da idonmu.